Mai Gadi na Uku

Sufeto yana cikin dambe da fankar ofishinsa, wadda ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda, sai ya ji ihun mace daga bakin kantar ofishin 'yan sandan. Ba irin ihun da aka saba ji ba ne na wadda aka fizge wa waya. Wannan daga can cikin ciki yake fitowa.

Kafin ya ajiye sandar, matar ta riga ta ture Saje ta faɗo ciki, takalmi ƙafa ɗaya. A hannunta akwai wani abu baƙi mai kama da agogon hannu, da maɓalli guda a tsakiya, wata 'yar fitila ja tana ta ƙiftawa a gefensa.

"Sun kashe min uba, Yallaɓai! Wallahi sun kashe shi!"

"Su wa? Zauna tukuna, baiwar Allah, ki yi numfashi."

Ba ta zauna ba. A tsaye ta zayyana masa komai. Mahaifinta tsohon tela ne, yana da ciwon zuciya, kuma shi kaɗai yake yini a gida idan ta tafi aiki. Shi ya sa ta yi masa rajista da wani kamfani mai ɗaura wa tsofaffi da marasa lafiya irin wannan abu a hannu. Da zarar mutum ya ji ba daidai ba, sai ya latsa. Saƙo ya tafi ofishinsu, fitilar ta koma kore, su turo motar asibiti.

"Har cewa suka yi wayata ma za ta yi ƙara idan ya latsa. Ba ta yi ba. Ba wanda ya zo. Na dawo na tarar da shi a ƙasa."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Saje, tayar da mota."

Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. Tsohon yana kwance tsakanin keken ɗinki da bakin ƙofa, an lulluɓe shi da wani yadi da bai gama yankawa ba. Almakashi na ƙasa, kwalbar maganinsa ta gangara ƙarƙashin kujera.

Likitan da maƙwabta suka kira yana nan yana wanke hannu.

"Zuciya ce," in ji shi. "Amma ba nan take ya cika ba. Da an same shi da wuri, da akwai abin da za a iya yi. Duba nan."

Ya ɗaga hannun mamacin na dama. A babban yatsa akwai shatin maɓallin, zagaye, ya nutse cikin fata.

Sufeto ya ga gawa iri-iri a aikinsa, har ya daina ƙirgawa, amma wannan shatin ya girgiza shi. Mutum ya mutu yana kira, yana da yaƙinin ana zuwa.

"Innalillahi," in ji Saje a hankali. Daga nan suka wuce kamfanin.

Kamfanin yana hawa na biyu, saman wani shagon kayan wuta. Falo ɗaya ne dogo. Daga gaba mata ne sanye da abin ji a kunne, suna jiran kira. Daga can ƙurya akwai ɗaki mai bangon gilashi, inda babbar na'ura ke gurnani cikin sanyi.

Mai kamfanin ya yi tafiya, don haka wanda ya tarbe su wani dattijo ne mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Kowa a wurin Baba Injiniya yake ce masa.

"Mun ji labari, Yallaɓai. Jikina har yanzu rawa yake yi. Ni na gina wurin nan da hannuna, tun muna aiki a gareji. Ba mu taɓa zubar da kira ko ɗaya ba. Kai, mahaifiyata ma abin nan ne a hannunta, na farkon da muka ƙera, ni na ɗaura mata."

"To yau me ya faru, Baba?"

Dattijon ya ja dogon numfashi, ya kalli wani tebur da ke jikin ɗakin gilashin.

"Ba na son in ɓata yarinya. Amma rai ya salwanta. Na duba, an taɓa na'ura da tsakar rana, kuma daga kwamfutarta aka taɓa, da makullinta na sirri. Tun da aka ɗauke ta ta zo mana da sabon salo, na ce a bi a hankali, aka ce na tsufa."

"Kai kana ina a lokacin?"

"Ina ƙasa ina cin abinci. Ni rabona da taɓa na'urar nan tun da aka miƙa mata ita."

Yarinyar da yake nufi ba yarinya ba ce, matar aure ce, injiniya. Da yake ita ce ta zo daga baya, sai ake ce mata Ƙarama. Tana zaune ta haɗa kai da gwiwa, idanunta sun kumbura.

Sufeto ya jawo kujera. "Ni kwamfuta ban san ta ba, sai dai in ga 'ya'yana suna ɓata lokaci a kanta. Ki yi min bayani yadda za ki yi wa kakarki. Idan mutum ya latsa, me ke faruwa?"

Ta share fuska. "Saƙon yana zuwa ne a ɗan ƙunshi, muna ce masa fakiti. Duk fakitin da zai shiga na'urar can, ta ƙofa ɗaya yake bi, inda wayar sadarwa ta shiga jikinta. To a bakin ƙofar nan muke ɗora ƙananan manhajoji. Ba a sama suke zama ba, a can cikin zuciyar na'urar suke, abin da muke kira kanel, don su ga fakiti tun kafin kowa ya gan shi. Mu a nan masu gadi muke ce musu."

"Aikinsu fa?"

"Na farko yana zubar da shara, irin saƙonnin banza da 'yan kutse ke turowa. Na biyu idan ya ga kiran gaggawa, sai ya karkata shi zuwa teburin matan can. Na uku yana kwafar kiran ya tura wa dangin mai ciwo a waya."

"Idan babu na biyun fa?"

"Kiran zai shiga, amma ba wanda zai karɓe shi. Zai ɓace ne kawai."

"Kin taɓa su yau?"

"Wallahi ban taɓa ba."

"Kin bar teburin nan?"

"A'a. Ina nan tun safe."

Kamar jira ake, sai wayarta ta yi ƙara. Ta yi niyyar kashewa, Sufeto ya ce ta ɗauka, kuma ta buɗe murya kowa ya ji. Kukan jariri ne ya fara cika wurin, sannan muryar wata mata.

"Ke, yaron nan tun da kika tafi ɗazu da rana bai yi shiru ba! Bai ƙoshi ba fa kika cire shi. Yaushe za ki zo?"

Ƙarama ta rufe fuska da hannu biyu.

"Tun safe kina nan," in ji Sufeto. "Amma ɗazu da rana kin tafi."

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai. Yayata ce, a bayan layin nan take, ita ke riƙe min shi. Lokacin cin abinci nake zagayawa in ba shi nono. Baba ya ce idan ya ƙara ganin na fita, sai ya sa an sallame ni. Shi ya sa na ɓoye."

"Kwamfutarki fa?"

"A buɗe na bar ta. Akwai aikin da take yi, idan na rufe zai tsaya."

Sufeto ya girgiza kai. "Kin san inda kika jefa kanki? Makullinki ne, teburinki ne, ga ƙarya a kai. Idan ban sami wani abu ba kafin magariba, a wurinmu za ki kwana, kuma ba a shiga da jariri."

Ta dube shi a firgice. Shi kansa bai ji daɗin faɗin haka ba, sai dai gaskiya ce.

"Nuna min masu gadin naki."

Tun da aka zarge ta Baba Injiniya ya hana ta taɓa komai, don haka wannan ne karon farko da ta duba. Ta buga wasu haruffa. Rubutu ya fito a allon. Ta ƙura masa ido, ta matso, ta sake bugawa.

"La'ilaha illallahu! Biyu ne!"

"Me ne ne biyu?"

"Masu gadin! Na ukun ba ya nan! Kuma duba, kowannensu yana ƙirga fakitin da ya wuce ta gabansa tun daga lokacin da aka ɗora shi. Da safe lissafin ya cika layi. Yanzu ɗan kaɗan ne. Sauke su aka yi gaba ɗaya, daga baya aka mayar da biyu."

"Ba ke kika manta da na ukun ba?"

Karon farko ke nan da ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido.

"Ni na rubuta shi, Yallaɓai. Da cikin yaron nan na fara shi. Ta yaya zan manta da shi?"

Sufeto ya sa Saje ya tsaya a kanta, shi kuma ya nufi teburin masu amsa kira.

Shugabarsu mace ce mai jiki da murya, wadda ake kira Uwar Tebur. Irin matan nan ne da ke amsa tambaya tun kafin a gama yin ta.

"Ni ban ga komai ba, ban ji komai ba, ranka ya daɗe. Kira bai shigo ba, me zan amsa?"

"Kullum da rana haka kuke zama shiru?"

"Ina! Tsofaffin nan? Wani don ya ji murya kawai yake latsawa. Akwai wata da kullum bayan ta ci abinci sai ta kira ta ce mu duba mata ko abin yana aiki."

"Yau ta kira?"

Uwar Tebur ta gane bakinta ya kai ta inda ba ta shirya zuwa ba.

"Hajiya, mace mai kaifi irinki, a ce tebur ya mutu haka ba ki lura ba? Ko dai barci kike yi? Idan barci ne, in rubuta barci."

"Barci? Ni? Allah ya kiyaye! Ni ce ma na tashi na je na faɗa!"

"Kika faɗa wa wa?"

Ta waiwaya, ta rage murya, abin da ba ta saba ba. "Baba Injiniya. Na ce masa, Baba, yau shirun ya yi yawa. Ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce in koma, zai duba. Ba a jima ba kira ya ci gaba da shigowa. Da labarin mutuwar ya zo, sai ya ce in kama bakina, in ba haka ba da ni za a haɗa."

"A ƙasa kika same shi, wurin cin abinci?"

"Wane ƙasa? A teburin Ƙarama na same shi zaune. Na ɗauka taya ta aiki yake yi."

Nan take wani tunani ya faɗo wa Sufeto, wanda ya kamata a ce ya zo tun da farko.

"Idan tela ya latsa ba a ji ba, wa ya sani ko shi kaɗai ne? Ku ajiye komai. Ku kira duk gidan da ke da abin nan, ɗaya bayan ɗaya, yanzu!"

Falon ya kaure da murya. Wasu tsofaffin suka amsa da faɗa an tashe su daga barci, wasu suka kama hira. Wata ta ce ai ta latsa, amma jikarta ta kai ta asibiti da kanta. Can sai Uwar Tebur ta cire abin kunnenta, fuskarta ta canza. Ta yafito Sufeto.

"Akwai gida ɗaya da ba a ɗauka. Na kira har na gaji. Abin hannunta ma ya daina amsawa kwata-kwata."

"Gidan wa?"

Ta raɗa masa a kunne. Sufeto ya tsaya cak. Ya leƙa can ƙurya, inda Baba Injiniya ke tsaye yana goge tabarau.

"Kada ki gaya wa kowa," in ji shi. Ya kira Saje gefe. "Ɗauki mota, a biyo ka da ta asibiti. Idan ƙofa a kulle take, ɓalla ta. Ka kira ni da zarar ka shiga."

Shaidar Uwar Tebur ta nuna Baba ya zauna a teburin, amma dattijon zai iya cewa gyara ya je yi. Sufeto yana son abin da ba za a iya murɗa shi ba. Ya koma wurin Ƙarama.

"Kuna da wata na'ura ta gwaji, wadda ba ta haɗe da mutane?"

"Akwai, ga ta can."

"Ki ɗora mata masu gadinki yadda suke da safe. Sannan ki koma gefe, kome kika gani kada ki yi magana."

Da ta gama, ya je ya kamo hannun dattijon cikin girmamawa.

"Baba, ka taimake ni. Zan tafi da Ƙarama, amma alƙali zai tambaye ni yadda aka yi, ni kuwa kaina ya ƙi ɗauka. Bayanin yaran nan sauri gare shi. Kai da ka gina wurin, ka fi kowa sani. Masu gadi nawa ne a ƙofar?"

Baba Injiniya ya gyara tsayuwa. Yabo ya daɗe bai zo masa ba.

"Biyu ne. Mai zubar da shara da mai karkata kira. Duka daga aikina aka tsago su, aka canza musu riga."

"Biyu kawai?"

"Biyu, Yallaɓai. Na san su kamar 'ya'yana."

"Madalla. To nuna min a na'urar gwajin nan yadda ake ƙara wani a kansu. Kowane iri ne, in dai gani da idona."

Dattijon ya zauna, ya saka tabarau. Yatsunsa suka bi allon rubutu ba tare da ya duba ba, irin na wanda ya yi abu har ya zama jiki. Layi ɗaya ya buga. Na'urar ta yi gardama, ta ce akwai wani a ƙofar. Bai ko karanta ba, ya ƙara harafi guda na tilastawa, ya danna.

"Shi ke nan. Ya hau."

"Ƙarama, zo ki nuna min abin da ke ƙofar yanzu."

Ta zo ta buga. Ta dafe ƙirji.

"Nasa ne kaɗai. Ya kori sauran duka."

"Yi min bayani."

"Tsohuwar hanya ce, Yallaɓai. A da ƙofa mai gadi ɗaya take ɗauka. Idan ka ɗora sabo da ƙarfi, na da ya sauka. Yanzu akwai jagora da ke zaune a ƙofar, shi ke jera su layi, kowa ya yi aikinsa ya miƙa wa na gaba. Idan za ka ƙara, jagoran kake ba wa. Wanda ya ɗora kai tsaye da ƙarfi, ya tumɓuke jagoran da duk waɗanda ke bayansa. Ni ban taɓa aiki da tsohuwar hanyar ba. Ba ta ma cikin abin da na koya."

Sufeto ya juya. "Baba, masu gadi uku ne da safe. Wanda ya sauke su ya mayar da biyu, domin biyu ya sani. A ofishin nan mutum ɗaya ne ya ce min biyu ne."

"Uku? Wane na uku kuma?"

"Wanda na gabatar ranar da ka fice daga taro," in ji Ƙarama. "Na turo maka bayaninsa, ka ce ba ka karanta wasan yara."

Gumi ya tsattsafo a goshin dattijon duk da sanyin ɗakin. Amma mutum ne mai taurin kai.

"Wannan ba hujja ba ce! Don hannuna ya bi abin da ya saba? Na zauna a teburinta, na yarda, gyara ɓarnarta na je yi. Ku tafi da ita ku bar ni in yi aiki!"

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Saje ne. Sufeto ya buɗe murya ya ajiye ta a kan tebur.

"Yallaɓai, mun ɓalla ƙofa. A banɗaki muka same ta, a ƙasa. Santsi ne ya kwashe ta tun da rana, ƙugunta ya karye. Tana da rai, amma ta galabaita, jikinta sanyi ƙalau. Ta yi ta latsa abin har batirinsa ya mutu, tsohon yayi ne. Muna cikin motar asibiti. Ta matsa sai na sa mata shi a caji, wai tana so ta ga inda ta yi kuskure."

"Wace ce wannan kuma?" in ji Baba Injiniya.

Daga cikin wayar wata siririyar murya ta fito, tana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Ɗan nan, da wa kake magana? Kada ku gaya wa ɗana. Zai ji kunya a wurin aiki. Ni ce ban iya latsawa ba. Abin da ya ƙera ba ya ƙin aiki."

Tabarau ya zame daga fuskar dattijon ya faɗi ƙasa.

"Inna?" Ya rarumo wayar da hannu biyu. "Inna! Inna, ni ne!"

Layin ya riga ya yanke. Ya sulale ya zauna daɓas a kan tayil. Matan tebur duk sun miƙe tsaye, wata ta toshe baki, wata tana salati. Uwar Tebur, da ba a taɓa ganin hawayenta ba, ta juya wa mutane baya.

Ba sai da aka tambaye shi ba.

"Ni ne. Ni na yi. Amma wallahi tallahi ban yi nufin taɓa kiran kowa ba! Abin hannun nan kowanne yana turo ɗan saƙo lokaci-lokaci, na cewa yana nan da rai. Su kaɗai na so in zubar, shi ya sa na ɗora wani mai gadi nawa. In mai kamfani ya dawo ya ga rahoto ya nuna rabin na'urori sun ɓace, ya ce sabon tsarinta ba shi da amfani, a dawo min da wurina. Na rubuta a ciki ƙarara cewa kiran gaggawa ya wuce. Na duba, na sake dubawa!"

"Ya wuce," in ji Ƙarama a hankali. "Amma ka kori wanda zai kai shi."

"Hannuna ne ya riga ni. Ban tuna da jagoran ba sam. Sai da aka ce min tebur ya yi shiru na gane. Na cire nawa, na goge, na mayar da su. Na ce ɗan lokaci ne, ba wanda zai latsa."

"Tela ya latsa," in ji Sufeto. "Shatin maɓallin yana nan a yatsansa. Da ka ji ya mutu, me ya hana ka faɗi gaskiya?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Ka ga mace mai shayarwa, ka nuna min ita da yatsa. Ka yini kana share sawunka, ko sau ɗaya bai faɗo maka ka kira mahaifiyarka ba. Tashi, Baba."

Sufeto ya kan ji wani sanyi a rai idan ya kama mai laifi. Yau bai ji komai ba sai ɗaci. Ya ciro ankwa ya saka masa ta gaba, saboda shekarunsa.

"Ke kuma tafi wurin ɗanki. Gobe ki zo ki ba da bayani, kuma wannan karon ban da ƙarya."

Ƙarama ta ɗauki jakarta, har ta kai ƙofa, sai ta dawo da sauri.

"Yallaɓai, ba ni izini. Har yanzu dangi ba sa samun kira."

Ya ɗaga mata kai. Ta zauna a tsaye-tsaye, ta buga layi ɗaya, ta miƙa wa jagoran mai gadi na uku. Ya shiga layi a bayan 'yan'uwansa, ba wanda ya sauka. Ta duba sau biyu kafin ta miƙe.

Suna bakin matakala, Sufeto riƙe da gwiwar hannun dattijon, sai ƙararrawa ta buga a teburin Uwar Tebur. A daidai lokacin wata ƙara ta tashi daga aljihun rigar Baba Injiniya, mai kaifi, wadda bai taɓa jin irinta a wayarsa ba.

Uwar Tebur ta duba allonta. "Inna ce. Abin ya kama caji, tana gwada wa Saje yadda ta latsa."

Dattijon ya dubi aljihunsa, ya dubi Ƙarama.

"Me ya sa tawa take ƙara?"

"Lambarka na fara sakawa, Baba," in ji ta. "Da na gama rubuta shi, da na'urar Inna na fara. Na so in ba ka mamaki a taron nan. Da ba ka kore shi ba, tun latsawar farko wayarka za ta yi ƙara."

Ya yi ta ƙoƙarin kai hannu aljihun, ankwa ta hana. Sufeto ya ciro masa wayar ya riƙe a gaban idonsa. Rubutu ne gajere a kan allon, yana ƙiftawa: Mahaifiyarka tana neman taimako.

Haka suka sauka matakalar, wayar na ta ƙara a hannun Sufeto. Har suka shiga mota, Baba Injiniya bai ce a kashe ta ba.